Giyar Shinkafa a Ƙasar Iban

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin abin da na gani a Sarawak, watau wani yanki na ƙasar Malesiya a tsibirin Borniyo, inda aiki ya kai ni.

Kabilar da ta fi yawa a can ita ce Iban. Mutanensu na ƙauye su kan zauna a bakin kogi cikin dogon gida guda, kowane magidanci da ɗakinsa, amma barandar ta kowa ce. Na sauka a wani gida irin wannan a bakin kogin Rajang ran 31 ga Mayu, jajiberen bikinsu na kaka da su ke kira Gawai, wanda aka fara yi da yawun gwamnati a 1965.

Abin shansu sunansa tuak. Yawanci mata ke yinsa, kamar masu burkutu a wajenmu, sai dai su da shinkafa mai danƙo su ke yi. A dafa ta, a barbaɗa mata yisti, a rufe cikin tulu har makonni. A wurinsu ba abin maye ba ne kawai. In za su miƙa sadaka ga allolinsu, ko da ya ke yawancinsu yanzu Kirista ne, tuak na cikin kayan, wani ma ya kan zubar da kaɗan a ƙasa don magabata kafin ya kurɓa. Da dare ya raba, mai gida ya ɗaga ƙoƙo, kowa ya sha ai pengayu, watau ruwan tsawon rai.

To, a nan na shiga uku, gama ni ba na sha. Wata tsohuwa ta miƙo mini, na ce na gode. Sai na ga fuskarta ta sauya. Na zaci fushi ta yi, ashe tsoro ta ke ji mini. Sun gaskata wanda aka ba ci ko sha ya ƙi, ya fita haka nan, to, ya jawo wa kansa abin da su ke kira puni: maciji ya sare shi, ko kada ya kama shi. Ga shi kuwa da safe jirgin ruwa zan shiga! Wani malamin makaranta da ke kusa ya raɗa mini in taɓa ƙoƙon da yatsa, ya wadatar. Na taɓa, tsohuwa ta yi murmushi ta wuce.

Ba zan ɓoye ba, kafin asuba na ga samari kwance birjik. Malamin ya ce ba tuak ya kayar da su ba, langkau ne, wata barasa mai zafi da a ke tacewa da wuta, wadda ba ta jiran ranar biki. Ita ce ke damun dattawansu.

Wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu.