Itace da Katanga

Kowa ya san daɗin inuwar dogon yaro lokacin bazara, amma ba kowa ke tunanin abin da saiwarsa ke yi a ƙarƙashin ƙasa ba. A aikina na akawu na rubuta ƙararraki da dama tsakanin maƙwabta, waɗanda mafarinsu itace guda ne da aka dasa jikin katanga.

Shi dogon yaro baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Barno, yau ga shi ko'ina daga Jega har Aliero da Maiyama. Jama'a na zaton saiwarsa ce ke ture gini da ƙarfi. Takan yi haka in tushen ginin bai yi zurfi ba, amma ni a ganina ƙishirwarsa ta fi ɓarna. Ku dubi laka irin ta fadamar Gulbin Zamfara a Jega. Da damina takan kumbura, da rani ta tsuke har ta daddare. To, in babban itace ya shanye laimar da ke ƙarƙashin kusurwa ɗaya ta ɗaki, sai wannan kusurwa ta zauna, sauran suna tsaye, bango ya tsage a karkace daga bakin ƙofa ko taga. Maigida ya yi ta yaɓe kowace shekara, tsagar tana komowa. A jigawa abin da sauƙi, gama rairayi ba ya kumbura.

Wanda ya fusata ya sare tsohon itace rana ɗaya, shi ma bai tsira ba, domin laka za ta sake shan ruwa ta ɗaga tushen. Gara a riƙa rage rassa kaɗan kaɗan. Mai sabon dashe kuwa ya ba katanga tazara kamar tsawon da itacen zai yi in ya girma.

Cediya ba ta jiran a dasa ta. Tsuntsu ke yar da irinta bakin indararo, ta tsiro, saiwarta ta bi tsakanin tubali tana neman ƙasa. A tuge ta tun tana ganye biyu.

Duma da soso da ake bari su hau katanga ba su da ƙarfin fasa ta. Laifinsu riƙe laima, su hana rana busar da yaɓe, su kuma rufe hanyar gara. Mai son ƙwarya ya kafa wa dumansa rumfa a tsakar gida.