'Yar Kwatano a Kwatano

A Kano, idan dillali yana so ya ɗaga darajar mota, sai ya bubbuga bodinta ya ce, "Wannan fa 'yar Kwatano ce." Nufinsa ba ta taɓa shan wuyar titin Najeriya ba, babu bakaniken da ya taɓa kwance mata noti, daga jirgin ruwa sai hannunka. Sunan garinmu ya zama shaidar lafiya, har a kan firji da talabijin. Mu da aka haifa a Zangon Kwatano, muke buɗe shago kullum a kasuwar Dantokpa, murmushi kawai muke yi, don mun san garin nan mashiga ne, ba maƙera ba. Masu Faransanci ma suna da nasu ruɗin. Duk tsohuwar mota a bakinsu "wadda ta zo daga Faransa" ce, ko da a Antwerp ta Beljiyam aka loda ta, ko Jamus, ko Amurka.

Ni ma ina da guda. Ba zan kama sunanta ba, kada masu irinta su ce na kashe musu kasuwa. Ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu da but, ƙirar Turai ta 2008, mai canja giya da kanta. Na saye ta a 2021 a kan sefa miliyan 3 da dubu 400, har da kuɗin duwan da takardu. Dalilin sayenta kuwa Inna ce. Gwiwoyinta sun daina yarda da hawan zem, wato 'yan acaɓanmu masu rigar ruwan ɗorawa, ga hawan jini da ke kai ta asibiti kowane wata. Wanda ya taɓa tallafar tsohuwa ta hau bayan babur a cikin cunkoson bakin gadar Dantokpa, tana riƙe da mayafi da hannu ɗaya da rigar direba da ɗaya, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ba a cikin gari ake sayar da su ba. Sai ka ƙetare gada, ka wuce Akpakpa, ka kama hanyar Porto-Novo da iyakar Seme, a wajen Sekandji da Ekpe za ka ga filaye a kewaye, motoci dubbai a jere cikin rana da iskar teku. Da can 'yan Najeriya ne ke kwashe mafi yawansu. Tun daga 1 ga Janairun 2017 da gwamnatin Buhari ta hana shigar da mota ta kan iyakar ƙasa, sannan aka rufe iyakar gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kasuwar ta yi sanyi, wasu motocin suka daɗe a fili har tayoyinsu suka kwanta. Kana sa ƙafa dillalai za su yi maka caa. A tayar maka da inji, a kunna maka esi, a nuna maka mitar da ke cewa kilomita 118,000. Tawa haka ta ce. Mota mai shekara 13 a ƙasar da ake gudu a kan tituna kamar tabarma, amma wai abin da ta ci ke nan. Kujerar direba ta lotsa, robar fedar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo. Kowa a filin ya san mita ba ta rantsuwa, kuma ta gefenta ma haka take, don haka sai ka zaɓi wadda ƙaryarta ta fi dama.

Abin da ba ya hawa jirgi tare da mota shi ne tarihinta. A can tana da littafin da ake rubuta ranar da aka sauya mata baƙin mai da bel, tana da takardar gwajin da ta ci ko ta faɗi. Nan kuwa sai ta iso tsirara. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. A cikin rahoton akwai binciken da hukumomin Holan suka yi wa motocin da ke jiran jirgi a ƙasarsu, inda suka tarar yawancinsu ba su da takardar cancantar hawa titi. Birane irin su Antwerp da Brussels kuma sun kafa dokar hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga cikin gari. Mai mota a can ba ƙiyayya ce ta sa ya rabu da ita ba. Ya yi lissafi ne, ya ga gyaran da ke tafe ya fi ƙarfin darajarta. Wannan gyaran da ya guje wa shi ake loda mana a jirgi, a lulluɓe da sabon fenti.

Wata biyar na farko na sha daɗi, ba zan ci amanarta ba. Ranar da na fara kai Inna asibiti a cikinta, ta shafa kujera ta ce, "Kai wannan, Allah ya yi maka albarka." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Sai damina ta sauka.

Kwatano gari ne da ke kwance tsakanin teku da tafki, ƙasarsa rairayi, ruwa ba shi da wurin zuwa. A watan Yuni akwai unguwannin da sai an naɗe wando. Wata safiya na ratsa ruwan da bai kai rabin taya ba, wanda tsofaffin tasi ke ratsawa suna waƙa. Washegari fitilu uku suka kama a gaban sitiyari, gilashin taga ya ƙi sauka, makullin ƙofa ya dinga buɗe kansa yana rufewa. Na kai ta wurin bakaniken da ya yi wa mahaifina aiki shekaru da yawa, dattijo ne ɗan Zango, wanda ya ƙware tun zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna. Mutum ne da ke ɗora kan sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya faɗa maka abin da ke ciwo. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon murfin roba da ya rufe komai, ya mayar ya rufe.

"Ɗana, wannan ba mota ba ce, rediyo ce. Kai ta wurin yaran nan masu kwamfuta."

"Baba, ko ɗan dubawa ba za ka yi ba?"

"In duba me? Tana magana, amma ba da yarena ba."

Yaran masu kwamfuta suna da wani ɗan akwati da suke jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari, a gareji ana ce masa balis. Jona shi kawai jika 10 ne. Ga 'yan'uwana na Najeriya, jika a bakinmu sefa dubu ce, kamar yadda ake ƙirga a Nijar. Akwatin ya nuna cewa ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen motar ta sha ruwa. Ashe a ƙasan kafet aka ajiye ta, kusa da ƙafar fasinja, kuma gishirin da Turawa ke watsa wa titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙasan motar, ya buɗe wa ruwa ƙofa. Wanda ya zana motar bai yi wauta ba, a garinsu ruwa yana da magudana. Sabuwar ƙwaƙwalwa babu ita a gari. Aka samo ta hannu a kan jika 180, aka ƙara 40 na wanda zai daidaita ta da makullin motar, don ba ta karɓar umarni daga baƙo.

Daga nan na ware shafukan ƙarshe na littafin bashin shago na fara rubuta abin da take ci. Ni mai sayar da atamfa da shadda ne, na saba da lissafin yadi da turmi, kuma na san jari ba ya mutuwa rana ɗaya, tsiyaya yake yi.

Shan mai ya biyo baya. Da aka ɗaga ta aka duba salansa, sai aka ga tukunyar tace hayaƙi fanko ce, an fasa an kwashe cikinta an mayar an yi walda. A cikin tukunyar nan akwai ƙarafa masu tsada, irin su filatinam, shi ya sa ake yashe ta, wani lokaci tun kafin mota ta hau jirgi, wani lokaci bayan ta sauka. Tsohuwar mota mai kafireto ba ruwanta da wannan. Irin tawa kuwa tana da 'yan na'urori a jikin salansa masu sansanar hayaƙi suna kai rahoto ga inji. Ɗaya ta mutu, ɗaya tana kai rahoton banza, inji kuwa yana ta zuba mai yadda aka gaya masa.

Man ma da nasa labarin. A Benin mun daɗe muna rayuwa a kan kpayo, fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe da manyan tuluna na gilashi a bakin titi. Yana da araha, kuma babur da tsohuwar tasi ba sa tambayar asalinsa. Amma man da ya kwana a jarka, ya bi kwalekwale, aka tace shi da tsumma, ba ya rasa ƙura ko ɗigon ruwa, injekta kuwa ramukanta sun fi kan allura ƙanƙanta. Na sauya famfon mai sau ɗaya, na wanke injekta sau biyu, na koma gidan mai dungurungum. Bayan 29 ga Mayun 2023, da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kpayo ya yi tsalle har ya zarce na gidan mai na ɗan lokaci, layuka suka cika gidajen man da a da ƙuda kawai ke ziyarta. A watan Satumbar shekarar kuma wata ma'ajiyar kpayo ta kama wuta a Seme, mutum sama da 30 suka rasu. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyalai haƙuri.

Babban bugu shi ne giya. An yi mana rasuwa a Faraku, muka kama hanyar arewa da asuba, ni da Inna da ƙanwarta da matata. Mun wuce Bohicon lafiya, mun wuce Dassa, kafin Save sai na ji inji yana kuka mota ba ta ja. Ta maƙale a giya ɗaya, daga baya ta saki gaba ɗaya. Muka tsaya a gefen titi, rana ta take, babu inuwa sai ta wata bishiyar kaju. Inna ta zauna a kan tabarmar salla tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Na tare musu motar haya suka wuce, ba su sami jana'iza ba sai zaman makoki. Ni na kwana a wurin, washegari aka ɗoro motar a bayan babbar mota zuwa Kwatano a kan jika 90.

Giya mai canja kanta ba a cika gyara ta a nan ba, sauyawa ake yi. To a ina za a samo? A jikin wata 'yar'uwarta da ta mutu. Mun zagaya masu kayan Beljiyam na gari ba a dace ba, sai da aka aika kasuwar Ladipo ta Legas. Ta iso a kan jika 650, ban da kuɗin aiki da man giya. Garantin mai kaya kwana bakwai ne. Nan ne abin yake ba ni dariya mai ciwo: tsohuwar mota, a yi mata magani da tsohon kaya, wanda shi ma babu wanda ya san shekarunsa ko abin da ya kashe uwarsa. Sabo na kamfani akwai shi idan ka yi oda, da kuɗin Yuro, sefa 656 kowane ɗaya, kuma farashinsa ya kusa rabin kuɗin motar.

Ba na cikin masu zagin makanikai. Yaron da ke mini aikin waya, Bafon ne ɗan Akpakpa, a waya yake kallon bidiyon gyara da Faransanci da Turanci, ya koya wa kansa abin da babu makarantar da ta koya masa. Idan ya yi kuskure, da kuɗina ya yi, gaskiya ne, amma an ba shi mota ba littafi, ba kayan aiki, ba sabon kaya a kanti. Shi ya sa Toyota Corolla ke riƙe farashinta a filayen Sekandji ko ta tsufa. Ba don ba ta lalacewa ba, sai don duk garin da ta tsaya, daga nan har Malanbil da Gaya, akwai wanda ya san cikinta, akwai kuma kayanta a rataye. A ganina lafiyar mota a ƙasashenmu ba a jikinta kaɗai take ba, rabi tana hannun garin da za ta zauna.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga littafi. A Zango, ranar da aka ga ka faka mota a ƙofar gida, ka zama Alhaji ko ba ka je Makka ba. Gudunmawar biki ta ƙaru, mai neman rance ya daina jin kunya, kai amarya da ɗauko baƙo daga tasha duk sun zama naka. Ba wanda zai yarda cewa turmi goma na atamfa ka karyar a ranar Laraba don a fanso giya. Matata ce kawai ta sani, don ita ke ganin kuɗin cefane yana raguwa. Wani dare ta ɗauki littafin ta duba, ta ce, "Maigida, ashe kishiya aka yi mini ban sani ba. Ita ko kwanan girki ba ta yi."

Jimillar da ke shafin ƙarshe yanzu, bayan shekara uku da 'yan watanni, sefa miliyan 2 da dubu 150 ce. Ban sa mai ba, ban sa inshora da kuɗin gwajin mota na hukuma ba, ban sa ranakun da na bar shago a hannun yaro na wuni a gareji ba. Wani dillali ya taya ta miliyan 1 da dubu 800, ya ce zai wanke ta ya tura arewa. Na san abin da za a faɗa wa wanda zai saye ta a can, da irin bugun da za a yi wa bodinta, shi ya sa na ce ya ba ni lokaci.

Yanzu zem nake hawa zuwa kasuwa, jika ɗaya ta kai ni ta dawo da ni har da canji. Motar tana ƙarƙashin rumfa a lulluɓe, ana tayar da ita kowace safiya don kada batir ya kwanta. Tana fita ranar Juma'a, da ranar asibitin Inna. Shokar baya ta fara ƙara idan an hau kwalta mai tsakuwa, yaron Akpakpa ya ce a nemi jika 85 kafin damina, ranar asibiti kuma saura kwana tara.