Renon 'Yar Shekara 2 a Birnin Manchester

Mun san da an ambaci Manchester, yawancinku ƙwallo ce za ta faɗo muku a rai. Mu kuwa karatu ne ya kai mu wannan birni na arewa maso yammacin Ingila, miji da mata da 'yarmu mai shekara 2. Har muka cika shekara ba mu taɓa shiga filin Old Trafford ba, domin yarinyar nan ce ke tsara mana yininmu.

Abin da ya fara ba mu wahala shi ne rana. A watan Disamba ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma an yi Magariba. A watan Yuni kuwa har ƙarfe 9 na dare gari da haske, ka ce wa yarinya ta kwanta, ta nuna maka taga. Sai da muka sayi labule mai kauri kafin muka samu barci. Ga ruwan sama ba damina ba rani. Fita ɗaya sai an sa mata rigar sanyi da hula da safa da takalmin roba, wani lokacin ana gamawa ta ce za ta yi fitsari.

Amma birnin ya tanadar wa yara abubuwa da dama. A bas mai bene akwai wurin ajiye keken tura yara, kuma yaron da bai kai shekara 5 ba ba a biya masa kuɗin mota. Ana ba iyaye wani jan littafi da ake rubuta nauyin yaro da allurar rigakafinsa, aka kuma shawarce mu mu riƙa ɗiga mata bitamin D saboda ƙarancin hasken rana. A ɗakin karatu na unguwa ana tara ƙananan yara a yi musu waƙa da karatun labari kyauta. Ranar Asabar mukan bi titin Wilmslow a unguwar Rusholme mu sayi naman halal, mu zarce lambun Platt Fields ta kalli agwagi a bakin tafki. Ranar da ta ƙi zama a keke, uwarta ta goya ta da zani, sai ga mutane suna waiwaye suna murmushi.

Abin da babu shi ne hannun da za ka miƙa wa yaro. A gidanmu na Kano, jariri yakan zaga hannu biyar kafin azahar: kaka da goggo da yaya da 'yar maƙwabta. A can kowa ƙofarsa a rufe, gidan renon yara da tsada, kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida kan iya jawo wa iyaye tuhumar sakaci. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da uwar, uban kuma yana da jarrabawa. Muka rasa wanda za mu kira. Da ƙyar wata maƙwabciya 'yar Somaliya, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta riƙe mana ita na awa uku. Ranar muka gane ma'anar ɗa na kowa ne.

Abu na biyu ya fi ba mu tsoro. Wata Juma'a muka kira gida ta bidiyo, kakarta ta ce: "Kishiyata, kin ci tuwo kuwa?" Yarinya ta yi shiru tana kallon waya, sannan ta amsa da Turanci. Tsohuwa ta yi dariya, ta ce: "To, kun mayar mini da ita Baturiya." Mu dai ba mu yi dariya ba. Talabijin da ɗakin karatu da filin wasa duk Turanci suke mata, Hausa kuwa bakin mutum biyu kaɗai take ji.

Daga ranar muka kafa doka: cikin gida sai Hausa. Kullum kafin barci akwai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Muka kuma roƙi 'yan uwanta da ke sakandare a gida su riƙa aiko mata da saƙon murya. Su suka koya mata ƙirga ɗaya zuwa goma, kuma yanzu idan kaka ta kira, ita ke fara cewa "Ina wuni".

Saboda haka, idan kun dawo daga makaranta aka ce ku riƙe ƙani ko ƙanwa, kada ku ɓata rai. Wasan da kuke musu da surutun da kuke ja da su, da shi suke koyon magana. Mu mun nemi mai yi mana wannan aiki a Manchester, ba mu samu ba sai ta waya.