Ashe Shayi Ba Ruwa Ba Ne Kawai

Yau labarin kaina zan ba ku, wanda a da ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan faɗa ba saboda kunya.

An kawo ni Hayin Banki ina amarya a watan Disamba na 2018, tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe Kaduna har sai hantsi ya dubi ludayi. Ni kuwa a gidanmu koko da ƙosai muka sani da safe, shayi sai an yi baƙo ko wani ya kwanta rashin lafiya. Na iya tuwo, na iya dambu, miyar kukata har santi ake yi, amma shayi ban taɓa ɗaukarsa girki ba. Ba mutane kan ce shayi ruwa ne ba?

Sati biyu da tarewa sai na lura da wani abu. Da zarar maigidan ya dawo daga sallar isha'i ya ci abinci, sai ya ce, "Bari in je in dawo." Ba zan sake ganinsa ba sai goma ta gota. Filas ɗin da na cika masa kuwa, da safe in tarar ko rabin kofi bai sha ba. Zuciya ba ta da ƙashi, nan da nan shaiɗan ya fara kaɗa mini ganga, wai zance yake zuwa. A ce lallen hannuna bai goge ba har an fara neman yi mini kishiya? Na yi kuka har na gode Allah, na daina fara'a, in ya yi magana in amsa a ciki. Wallahi har kayana na fara haɗawa a jaka.

Ranar nan dai na kasa daurewa, na ba wani yaron maƙwabta kuɗin alawa na ce ya bi bayansa. Ba a jima ba ya dawo da gudu, ya ce, "Anti, yana teburin mai shayi na bakin titi, ta hanyar Kawo, suna ta dariya." Maimakon in ji sanyi sai abin ya fi yi mini ciwo. Tabɗi! Wato mai shayi ne kishiyar tawa?

Washegari na tafi gidan Goggo, ƙanwar mahaifinsa, da ke bayan layinmu. Kaina a sunkuye na zayyana mata komai. Ba ta ce uffan ba, ta yafa mayafi ta ce, "Mu je ki dafa mini irin wanda kike dafa masa."

Na ɗauko tukunyar da nake miya, na zuba ruwa, na jefa ƙullin shayi biyu, na antaya madara da sukari, na bar shi yana ta zaɓalɓala a kan risho kusan minti goma sha biyar. Goggo ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin. Ta ce, "'Yar nan, wannan shayi ne ko romon daddawa?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ba abin kuka ba ne. Zauna in nuna miki."

Ga abin da ta koya mini, kuma har yau a kansa nake.

Da farko ki ware buta ko ƙaramar tukunya ta shayi kaɗai, kada mai ko miya su taɓa ta. Shi kansa ganyen ki adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa, yaji, sabulu da kananzir, domin yana zuƙar warin duk abin da ya zauna kusa da shi.

Idan na mutum biyu ne, ki auna sabon ruwa kofi biyu da rabi. Ki daddaka ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, ki sa kanumfari uku ko huɗu, da ɗan guntun kirfa in kina da shi. Su ne masu son wuta, ki bar su su tafasa minti biyar.

Daga nan ki sauke, sannan ki sa ganyen shayin, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, ko ƙulli ɗaya. Ki rufe, ki ba shi minti uku zuwa biyar, ba ƙari. A nan ne kuskurena yake. Ganyen yana da wani sinadari da ake kira tanin, idan ya daɗe a wuta sai ya fito da yawa, shayin ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɗaci da bauri, komai sukarin da kika zuba ba ya ɓoyuwa. Na'a-na'a ma a wannan lokacin ake jefa ta, ba a dafa ta.

Ki ɗauraye kofin da ruwan zafi don kada ya huce da wuri, ki tace, sannan madara da sukari su biyo baya, kowa daidai bakinsa. Mai son ruwan bunu ki matsa masa lemun tsami, amma kada ki haɗa lemun da madara, tsinkewa za ta yi. Kuma kada ki zuba mai madara a filas ya kwana, shi ke sa filas ƙarni.

Da za ta tafi, Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Saura abu ɗaya. In kin kai masa, ina kike zama?" Na ce ajiyewa nake in koma ɗaki. Ta girgiza kai ta ce, "To mai shayi ba ya ajiyewa ya tafi. Ki haɗa kofi biyu."

A daren nan, yana cewa "Bari in je," na ce, "Yallaɓai, ɗan ɗanɗana wannan tukuna." Gabana sai dukan uku-uku yake. Ya kurɓa, ya dube ni, ya sake kurɓa, sai ya cire hularsa ya ajiye. Na ɗauki nawa kofin na zauna gefensa.

A ranar na fara sanin mijina. Ashe a Gembu ya yi hidimar ƙasa, can tsaunin Mambilla a jihar Taraba, kuma ya ga gonar shayi da idonsa a Kakara, inda ake yin Highland Tea. Ya ce ɗan ƙaramin itace ne kore shar, a jere har iya ganinka, toho biyu na sama da ɗan tsiron ake tsinka da hannu, kuma sanyi da yawan ruwan sama yake so. Ya ce asalinsa daga ƙasar Sin ne, kalmar shayi kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma a Afirka ba ƙasar da ta kai Kenya nomansa. Har koren shayin da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi, su sha zagaye uku, ya ce itacen ɗaya ne da baƙin, wajen sarrafa ganyen aka bambanta. Ni dai na saki baki ina sauraro, sai ji muka yi sha ɗaya ta buga.

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi gaya mini shayina ba daɗi. Ya ce kunyar amarya yake ji, kuma ya ga kullum fuskata a ɗaure, ya zaci ba na son hirarsa. Kun ji fa, shi yana zargi, ni ina zargi, saura ƙiris aure ya mutu a kan kofin shayi.

Ƙannena 'yan makaranta, ga tsarabarku. Lokacin da nake zuwa awon ciki malamar asibiti ta ja mana kunne cewa tanin ɗin nan yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga abinci, mu mata kuwa muna zubar da jini duk wata. Don haka kada ki kora wake ko zogale da shayi, ki bari a yi kamar awa guda bayan cin abinci. Kuma yana ɗauke da kafin mai hana barci, kada ki cika shi daren jarrabawa ki wayi gari kina gyangyaɗi a kan takarda.

Har yanzu maigidan yakan leƙa teburin mai shayi ranar Juma'a su gaisa da abokansa, ni da kaina nake miƙa masa hula. Sauran kwana shidan kuwa butata ce a kan wuta. Goggo ta rasu a 2022, Allah Ya jiƙanta da rahama, ba na jefa kanumfari a ruwa ban tuna ta ba.

Ku gwada yau da daddare, ku fara da kai wa Mama ko Baba, kuma in kun kai ku zauna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.