Kunya Ta Gamu Da Kunya A Ƙasar Tailan

A ƙasar Tailan idan maƙwabta suka gamu, galibi ba a tsayawa tambayar gajiya ko kwanan iyali. Abin da ɗaya zai ce wa ɗaya shi ne, "Kin kau ru yang?" watau, "Ka ci shinkafa kuwa?" Domin a bakinsu shinkafa da abinci kalma ɗaya ce. To, wannan gaisuwa ce ta kusa raba wani Alhaji Bakano da tsohuwar da ta fi kowa kyautata masa a ƙasar.

Fatauci ne ya kai Alhajin can cikin shekarar 2015. Shuɗin yaƙutu yake saye daga masu haƙa a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, ya kai shi Cantaburi, wani gari mai nisan kimanin kilomita 250 kudu maso gabas da Bankok. Ramukan haƙar garin sun daɗe da yin ƙasa, amma sanin gasa dutse har launinsa ya fito, da yanka shi da goge shi, yana nan a hannun mutanen wurin. Saboda haka daga Jumma'a zuwa Lahadi titin Si Can yakan cika da 'yan Afirka da Indiyawa da mutanen Siri Lanka, kowa da 'yan ƙunshe-ƙunshen takarda a aljihu.

Sauran sha'anin zama bai ba shi wuya ba. Ya saba da kai kansa ofishin shige da fice bayan kowane kwana 90 don bayyana mazauninsa. Ya saba da tsayawa cik da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma idan aka sa taken ƙasa a tasha. Ya kuma daina mamakin ganin 2558 a kan rasit, tun da yake lissafin shekararsu ya wuce na Miladiyya da 543. Ran da ya fita yawon buɗe ido a Bankok ma, wani mai keken haya ya rantse masa wai Babbar Fada a rufe take, ya zo a kai shi kantin duwatsu masu araha. Alhaji ya yi dariya, don an zo sayar wa mai rijiya da ruwa ke nan.

Abinci shi ne matsala. Mutanen birni a Tailan da yawa ba su girki a gida, har ɗakunan haya da dama babu madafa. Kowa bakin titi yake fita, ya zauna a kujerar roba ya ci, ko a ƙulla masa a leda. Ga araha ga daɗi, amma alade ya shiga ko'ina. Taliyar da aka ce ta kifi ce, sau da yawa romonta na ƙashin alade ne. Ganyen da aka soya kuwa wataƙila da kitsensa aka soya. Kazar ma ba a san wanda ya yanka ta ba. Da fari Alhaji ya laɓe a gidajen abincin Larabawa na unguwar Nana yana biyan kuɗin baƙunta. Daga baya ya koyi duba koren hatimin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar, da alamar wata da tauraro a jikin amalanken mata masu lulluɓi, waɗanda ke sayar da kau mok kai, watau dafa-duka ce ta shinkafa da kaza mai kurkum. Ya kuma haddace jimla guda: "Mai kin mu," ma'ana, "Ba na cin alade." Duk sa'ad da ya faɗe ta sai ya ji kamar da Hausa yake kiran kansa mai ƙin mu.

Da ya tare a Cantaburi sai ya kama ɗaki daura da gidan wata tsohuwa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta wajen goge duwatsu. Kowa a lungun Pa yake ce mata, watau Gwaggo. Ita kuwa Kun Hayi take kiransa, don haka Musulmin ƙasar ke faɗin Alhaji. Ɗan ƙanenta ne kuma mai gasa wa Alhaji duwatsu.

A daren farko Gwaggo ta yi masa gaisuwar shinkafa, ya ce bai ci ba tukuna. Can sai ga ta da kwano a rufe. Abin da garin ke alfahari da shi ta kawo masa, mu camuwang, naman alade da aka dafa da wani ganye mai tsami kamar yakuwa. Jimlar nan da yake faɗa wa masu amalanke ba wuya sai ta maƙale masa a wuya. Yaya ɗan Hausa zai mai da hannun kyauta baya, kyautar ma ta sa'ar mahaifiyarsa? Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya. Da ta shiga gida ya lallaɓa bakin lungu ya juye wa wani ɗan acaɓa, ya wanke kwanon, ya mayar da safe da ayaba a ciki. Ta tambaye shi, "Aroi mai?" ko ya yi daɗi. Ya ce, "Aroi."

Haka aka yi ta yi har wata biyu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana ɗan acaɓan ya ɗauko Gwaggo daga kasuwa, ya ƙi karɓar kuɗinta, ya ce ai shi ke da godiya, duk garin ba mai hannun miya kamar nata.

Gwaggo ba ta ce wa Alhaji uffan ba. Mutanen Tailan suna da wata ɗabi'a da suke kira kireng cai, wadda Bahaushe zai gane ta nan da nan, don ƙanwar kara ce: kada ka ɗora wa wani nauyi, kada ka sa ya ji kunya a gabanka, ko da kai ne aka ɓata wa. Murmushi bai ragu ba, haɗa tafin hannu a ƙirji don gaisuwa bai ragu ba. Kwano ne kawai ya daina zuwa, tambayar shinkafa kuma ta fita daga gaisuwar. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ce lafiya lau ake zaune. Alhaji kuwa ya san ba lafiya ba. Abu na farko, tsohuwar za ta zaci ƙyamar hannunta yake yi. Na biyu, cinikin duwatsu kan amana yake tafiya, mutum yakan miƙa jarinsa duka a ƙunshi ɗaya ba tare da takarda ba. Wanda ya yi wata biyu yana ƙarya a kan kwanon miya, da wane ido ɗan ƙanen zai dube shi a kan yaƙutu?

Wata Jumma'a a Masallacin Haruna na unguwar Bang Rak a Bankok, wanda yake nan tun ƙarni na 19, Alhaji ya kai kukansa ga wani dattijo ɗan ƙasa, suna cin gurasar roti a lungun masallaci bayan an sauko. Dattijon ya nuna masa ya wahalar da kansa ne a banza. Musulmi suna zaune da mabiya Buddha tun zamanin daular Ayuttaya, har wani ɗan kasuwa Bafarishe, Shaihu Ahmad, ya riƙe babban muƙami a fada cikin ƙarni na 17. Barin wani nama saboda addini ba baƙon abu ba ne a wurinsu, don da yawa daga masu jinin Sin ba su cin naman shanu saboda girmama Kuwan Im.

Lokacin duriyan ne, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya da lardin Cantaburi ya yi suna da shi, wanda saboda warinsa otal-otal da yawa suka hana shiga da shi. Mai cin daddawa dai ba shi da bakin yi wa warin wani dariya. Alhaji ya zaɓi babba mai tsada, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna ƙasa da inda Gwaggo take, jikarta tana yi musu tafinta. Ya faɗi kome, har da ayabar.

Gwaggo ta rufe baki ta yi ta dariya, irin wadda mutanen ƙasar ke yi idan kunya ta kama su. Sa'an nan ta ce, "Kun Hayi, ni ma shekara talatin rabona da naman shanu. Da ka faɗa tun daren farko, da ban ɓata wata biyu ina kiwon yaron can ba."

Kashegari ta sayo sabon kasko, ta kafa masa ƙusa dabam a bango. Da yamma kwano ya dawo da kifin teku da aka turara da lemon tsami da tafarnuwa da barkono. Alhaji ya ci a gabanta yana share hawaye. Da ta ce, "Aroi mai?" ya amsa cewa ya yi daɗi ƙwarai, amma yajin ya fi ƙarfinsa. Ta jinjina kai, ta ce ta ji. Daga ran nan ta rage barkonon daga goma zuwa takwas.