Romon Baba A Titin Guangyuan

Tun da muka komo daga fataucin ƙasar Sin ake ta tambayarmu labarin kasuwa da tsadar kaya, har bakinmu ya gaji. Yau labarin tukunya muka kawo muku. Wanda ya ga abin bai kai a ɓata takarda a kansa ba, ya yi haƙuri ya karanta tukuna.

A cikin watan Janairu na 2019 mu huɗu ne, duk 'yan Kumasi, muka kama ɗaki biyu a wani tsohon bene kusa da titin Guangyuan ta Yamma, a birnin Guangzhou. Nan ne kasuwar Canaan take, inda ake sarin riguna da wanduna da takalma, kuma galibin baƙaƙen fatar wurin Ibo ne. Na biyar ɗinmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, Baba muke ce masa. Ya riga mu sanin garin da shekaru, shi ya nuna mana masu auna kaya na gaskiya, kuma kuɗin mutane da yawa na gida a hannunsa suke.

Sanyin garin nan ba irin hunturunmu ba ne, mai laima ne, yana shiga ƙashi. Shi ya kayar da Baba. An kai shi asibiti, an ba shi magani, zazzaɓi ya sauka, amma ci ya gagara. Kwana uku in ban da shayi ba abin da ya wuce maƙogwaronsa. Muka dafa wake da shinkafa irin namu, ya kau da kai. Muka nemo masa tuwo a wurin wata mai abinci, ya taɓa loma ɗaya ya ajiye. Ga shi saura kwana tara bizarsa ta ƙare, kayan mutane kuwa ba a gama lodinsu ba. Hankalinmu ya tashi ƙwarai.

Daren na huɗu ya kira babbanmu ya ce, "Yaro, abu ɗaya raina yake so. Fotofe."

Muka dubi juna. Ashe wani abincin Faransawa ne, su suna rubuta shi pot-au-feu, watau tukunya a kan wuta. Muka yi mamakin me ya haɗa dattijo mai rawani da girkin Nasara. Sai ya ba mu labari. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, har can ne hedkwatar ƙasar kafin a mai da ita Yamai a 1926, suka zauna har 1960. Uban Baba kuku ne a gidan ɗaya daga cikinsu. Ran Lahadi tun da hantsi yake ɗora naman sa da ƙashi mai ɓargo, ya tsaya a kansa sa'a huɗu yana rage itace yana ƙarawa. Bai taɓa zama ya ci ba. Amma da dare, in an kwashe tebur, ya kan zuba sauran romon a gwangwani ya kawo gida, yara su tsoma gurasa. Romon nan Baba yake nema.

Muka tambaye shi ko akwai giya a ciki, gama mun ji Faransawa na zuba ta a wasu girke-girkensu. Ya ce wannan babu, nama ne da ruwa da kayan lambu, shi ya sa ubansa yake yarda ya kawo gida.

To, sa'a huɗu fa ita ce matsalar. Da safe muna kasuwa, da yamma muna wurin lodi, mai gidan kuma ya riga ya gargaɗe mu sau biyu kan warin girki da yawan ƙona gas. Abin da muke da shi tukunyar nan ce mai murfi mai kullewa, mai huci, wadda muka saya don wake. Baba na kiranta kokot, kamar yadda mutanen Nijar suke faɗi. Da muka ambace ta ya ɓata fuska, ya ce wannan ta ragwaye ce.

Bari mu ɗan ratse, don samari su san abin da ke kan murhun iyayensu mata. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko da itacen dawa duka za a tura. In an toshe tururi ya rasa mafita, zafin ya kan kai wajen 120, shi ya sa jijiyar da ke cin sa'a uku take laushi cikin ƙasa da sa'a guda. Wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya fara nuna irinta a Landan a 1679, har ƙashi yake lausasawa da ita. Kamfanin SEB na Faransa ya fito da ta gida a 1953, lokacin uban Baba na nan tsaye gaban murhu. Tamu kuwa Supor ce, ƙirar Sin, amma tun 2007 kamfanin nan na Faransa ne ke riƙe da mafi yawan hannun jarinta. Muka gaya wa Baba haka don mu rarrashe shi. Ya ce, "Ashe har nan suka biyo ni."

Washegari ƙaraminmu ya je unguwar Xiaobei, inda Musulmin Sin ke sayar da yankakken nama, ya sayo ƙwauri kilo ɗaya da rabi da ƙashi biyu. Karas da kabeji da dankalin Turawa ba wuya. Akwai wata farar saiwa da Faransawa ke sakawa, ba mu same ta ba, muka sa ta Sinawa mai kama da doguwar farar karas. Sa'an nan muka yi wauta. Muka juye kome da kome lokaci guda, muka cika tukunya har wuya, muka kulle. Ba a jima ba kumfa ta hau ta shiga hancin murfin, sai ga romo yana feshi har rufin ɗaki. Da muka buɗe, kabeji ya narke, dankali ya zama kunu, ruwan ya yi duhu kamar na kwata. Muka kai masa duk da haka. Ya leƙa kwanon ya ce, "Wannan fate ne. Allah ya ji ƙan ubana da bai gani ba."

Amma kun san abin da ya faru? Haushi ya tashe shi zaune, abin da magani bai yi ba. Kashegari ya sa aka jingina shi da bango a bakin ƙofar madafa, lulluɓe da bargo, yana ba da umurni.

Ya ce a fara da ruwan sanyi, murfi a buɗe, wuta kaɗan. Kumfar toka-toka ta dinga tasowa, muna kwashewa da ludayi, ya ce a ƙara, muka ƙara, har minti ashirin, sai da ruwa ya yi garau. A nan ne ya ce duk sirrin yake, kuma tukunya ba ta iya yi maka shi, gama in ka kulle ƙazanta da ita za ta dahu. Daga nan aka sa gishiri, da masoro, da tafarnuwa, da albasa guda da aka soka wa kanumfari uku. Muka lura ruwa bai wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar ba, darasin jiya ke nan. Aka kulle. Da ta fara huci muka rage wuta, muka ƙirga minti 45. Ƙaraminmu ya kai hannu zai saki tururin, mu duka muka daka masa tsawa. A bar ta ta huce da kanta, in ba haka ba romon ya tafasa da ƙarfi ya gurɓace, mai gaggawa kuma ya ƙone fuska.

Kayan lambu sai daga baya, a buɗe, manyan yanka, dankali a tukunya dabam don kada ya kaurara ruwan. Ƙashin ɓargo aka shafe bakinsa da gishiri aka sa shi can ƙarshe. Duka-duka sa'a ɗaya da rabi da 'yan mintoci.

Romon aka fara kai masa shi kaɗai, haka ake yi, nama da ganye su biyo baya. Ya kurɓa, ya yi shiru. Ya sake kurɓa. Muka tsaya cirko-cirko kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ya ce bai kai na ubansa ba, na itace ya fi zurfi, kuma mu ma mun yarda, ko da yake ba mu taɓa ɗanɗana wancan ba. Amma ya shanye kwanon, ya karɓi burodi ya shafa ɓargo, ya barbaɗa yajin da muka zo da shi daga gida, abin da muka tabbata Nasaran bai taɓa yi ba.

Can ya dubi tukunyar, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Da tsohona ya sami wannan, da mun san fuskarsa da rana ran Lahadi."

Kwana biyu bayan haka ya fita da ƙafarsa ya tsaya a kan lodi, ya tashi saura kwana ɗaya bizarsa ta cika. Mu kuma kuɗin fentin rufin ɗaki aka cire mana cikin ajiyar haya. Ranar tafiyarsa muka ga jakarsa ta yi wani ƙullutu a gefe, ya ce kokot ce ƙarama ya saya wa 'yarsa, kada mu gaya wa kowa a Damagaram.