Mai Sauraron Ƙasa A Jalingo Da Agogonsa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin shari'a ya san tambayar da alƙali kan yi wa mai ba da shaida bayan ya gama faɗin abin da ya gani, watau, "Yaushe ne aka yi haka?" In ya shiga kame-kame, to, shaidarsa ta raunana ke nan, ko da kuwa gaskiya ya faɗa. Haka al'amarin yake wajen masu binciken girgizar ƙasa, domin labarin motsin ƙasa wanda ba shi ɗauke da tabbataccen lokaci ba ya amfanar da su sai kaɗan.

A watan Oktoba na 1982, zamanin da Jalingo ke cikin tsohuwar Jihar Gongola, mutanen garin da na Gembu a bisa tsaunin Mambila sun ji ƙasa ta motsa. Motsin bai yi ƙarfi ba, irin wanda mai zaune cikin ɗaki kan ji kamar wata babbar mota ce ta gifta. A cikin wannan wata ne kuma Dutsen Kamaru ya yi aman wuta. An sake jin irinsa a Yola a 1984, da Gembu a 1987, da kuma Yola a 2005. Masana sun kyautata zaton tushen waɗannan motse-motse yana kusa da jerin duwatsu masu aman wuta wanda ya taso daga tekun Atlantika, ya ratsa Kamaru, ya biyo iyakarmu ta gabas. Sai dai yawancin abin da aka rubuta a kansu daga bakin jama'a aka samo shi, jama'a kuwa da lokutan salla suke auna yini. Wanda ya ce "bayan la'asar" ya gamsar da maƙwabcinsa, amma bai gamsar da mai lissafi ba.

Akwai wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare ta Jalingo wanda yana ɗan yaro aka yi motsin 1982. Shi kansa bai riƙe kome ba, sai labarin da kawunsa ke bayarwa a zaure. Da ya girma sai ya lura in dattawa uku suka taru a kan zancen, kowa da lokacin da yake faɗi, ga shi kuwa dukkansu mutanen kirki ne, ba mai ƙarya. Wannan abu ya tsaya masa a rai, har ya ƙudura in Allah ya sa ƙasa ta sake motsawa a Jalingo, za a sami shaida guda wanda ba ya barci, ba ya mantuwa.

Kayan aikin ba su gagari albashin malami ba, in ya daure. Zuciyar na'urar wani ɗan gwangwani ne irin wanda masu neman man fetur ke kafawa a ƙasa. A cikinsa akwai maganaɗisu da kuma siririyar wayar jan ƙarfe a nannaɗe, tana reto bisa sifirin. In ƙasa ta motsa sai gwangwanin da maganaɗisun su motsa tare da ita, wayar kuwa ta ɗan yi jinkiri, wannan saɓani shi ke haifar da 'yar wutar lantarki. Wani ɗan allo yana ƙara mata ƙarfi, ya mai da ita lambobi sau 100 a kowace daƙiƙa, ya miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta ja zare a fuskarta, yana hawa yana sauka. Malam ya zuba daɓen siminti a kusurwar wani ɗakin ajiya, ya kafa gwangwanin, ya haɗa kwamfutar da batir da farantin hasken rana saboda ɗaukewar wuta.

Makon farko garin Jalingo ne ya cika zaren. Ga tirelolin hanyar Wukari, ga injin niƙa, ga janaretan maƙwabta, har dakan matan gida yakan fito a jere, taɓarya bayan taɓarya. Sai tsakar dare, in sawu ya ɗauke, sa'an nan zaren ke kwantawa. A hankali ya koyi rarrabe sawun mota da na ƙasa, kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a cikin garke.

Inda aikin ya yi tauri shi ne wajen agogo, kuma sai mai karatu ya yi haƙuri da ɗan lissafi. Girgizar ƙasa takan aiko da igiyoyi iri biyu ta cikin duwatsu. Ta farko tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa guda, watau kashi ɗaya cikin sittin na minti, ta biyu kuwa kimanin kilomita 3 da rabi. Tun da ba gudunsu ɗaya ba, tazarar da ke tsakanin isowarsu tana nuna nisa: in daƙiƙa 10 ce, to, tushen motsin yana wajen kilomita 80. Amma tasha guda ba ta sanin gabas ne ko yamma, sai an haɗa rahoton tashoshi uku ko fiye. Har ila yau, a ƙaramar na'ura igiya ta biyu ba ta cika fita sarai ba, dole a dogara ga lokacin isowar ta farko. In agogon tasha ya yi kuskuren daƙiƙa guda, ya kawar da tushen girgizar da misalin kilomita 6.

Agogon kwamfutar gida kuwa ba abin dogara ba ne a nan. Wani ɗan ƙanƙanen dutse ne mai kaɗawa ke tafiyar da shi, kuma kaɗawarsa tana canjawa da yanayi, ta zafin bazara dabam, ta sanyin hunturu dabam. Yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini, kafin wata ya ƙare kuwa ɓarnar ta taru. Ban da wannan, in kwamfuta tana fama da wani aiki sai ta jinkirta buga lokaci a kan lambobin da suka iso. Ana iya daidaita ta da manyan agogunan duniya ta intanet, kuma wannan yakan wadatar in layi na da kyau, amma in layi ya yanke agogo ya koma gidan jiya.

Magani ya zo daga sama. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000, suna ɗauke da agogunan da kuskurensu bai taka kara ya karya ba. Malam ya ɗora ƙaramar eriya a kan rufin kwano, wadda ke ba da ƙyaftawar lantarki guda a farkon kowace daƙiƙa, ya sa ana buga lokacin tun a ɗan allon nan, kafin lambobin su kai ga kwamfuta. Ya kuma bar agogon Nijeriya ya koma ga na duniya, wanda namu ya riga shi da awa guda, domin da shi dukan tashoshi ke magana.

Amfanin wannan ya bayyana ran 6 ga Fabrairu, 2023, sa'ad da babbar girgizar nan mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa Turkiyya da Siriya da ƙarfe 1:17 na dare agogon duniya, ta hallaka mutane fiye da 50,000. Tsakanin can da Jalingo akwai wajen kilomita 4,000, kuma igiyar farko, da yake a can cikin zurfi gudunta ya fi sauri, tana bukatar kimanin minti 7. Da asuba Malam ya duba, ya tarar zaren ya tashi daidai inda lissafi ya ce. Ya daɗe zaune bai ce uffan ba, domin ya san abin da ya iso ɗakinsa kamar zanen alƙalami rushewar gidajen bayin Allah ne.

Kawunsa, wanda yanzu tsufa ya kama shi, ya taɓa ce masa, "Kai ɗan nan, ƙasa ta Allah ce. Ran da aka umurce ta za ta motsa, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba."

Malam ya ce, "Gaskiyarka, Kawu, Allah ya ja kwana. Ba mai hana ta, kuma ba na'urar da ke faɗin ranar. Amma in an san inda take yawan motsawa, ai an san inda za a ƙarfafa gini."

Maganar tana da nauyi a Jihar Taraba. Ran 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke kan wancan jerin duwatsu a Kamaru ya fitar da iska mai shaƙe numfashi, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Daga baya aka ji tsoron kada bangon da ya tare tafkin ya fashe ruwa ya biyo kogin Katsina-Ala, abin da ya sa aka gina madatsar Kashimbila a ƙasar Takum. Yankin da ke da irin wannan madatsa da irin waɗannan duwatsu ya cancanci a riƙa sauraron ƙasarsa dare da rana.

Gwamnati tana da cibiyar wannan bincike a Toro ta Jihar Bauci, ƙarƙashin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, kusan kilomita 300 a miƙe daga Jalingo. Gwangwanin malamin makaranta ba zai maye gurbin manyan na'urorinta ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da za a sami irinsa a wata makaranta a Gembu, wani a Takum, wani a Jami'ar Jihar Taraba, duk a bisa agogo guda, da ƙananan motse-motsen da ke wucewa ba a sani ba sun shiga littafi, 'yan makaranta kuma sun ga lissafin da ake koya musu yana aiki a ƙarƙashin ƙafafunsu. Allah ya kiyashe mu da ƙasarmu, amin.